Sanya Lambobin Cuta da Rubuta Bayanan Asibiti a Gwajin Dalma ga Ƙananan Yara: Tsarin Amurka da Abin da Ya Faru a Zamfara

1.0 Gabatarwa

Dalma guba ce da takan zauna a jikin yaro ba tare da wata alama ta fito fili ba. Yaro yana wasa, yana cin abincinsa, alhali tana taɓa ƙwaƙwalwarsa tana rage masa kaifin fahimta. Sai ta taru da yawa ake ganin ciwon ciki, amai, ƙarancin jini, jijjiga ko suma. Don haka auna jini ne kaɗai hanya tabbatacciya ta gano ta da wuri. Ana bayyana sakamakon da maikirogiram a kowace desilita ta jini, wanda ake taƙaitawa da alamar µg/dL. Rahoton da Asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya bisa uku na yaran duniya, har miliyan 800, dalmar da ke jininsu ta kai 5 µg/dL ko ta haura.

Sakamakon gwaji ba a hannun likitan da ya nema yake tsayawa ba. Likitan da zai ga yaron nan gaba zai karanta shi, mai biyan kuɗin magani zai duba shi, hukumar lafiya za ta ƙirga shi. Yawancin waɗannan ba sa ganin yaron, ba sa ma ganin fayil ɗinsa, lambobi kawai ke isa gare su. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace lambobin da ake amfani da su a gwajin dalma na yara, da bayanan da dole a rubuta kafin lambobin su inganta, da kuma iyakar abin da lamba ke iya ɗauka. An gina nazarin a kan tsarin Amurka domin a can ne ƙa'idojin suka fi yawa a rubuce, sannan aka auna shi da annobar gubar dalma ta Zamfara.

2.0 Waiwayen Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ma'aunin da ake ɗauka a matsayin abin damuwa ya daɗe yana sauka. A shekarun 1960 ana maganar 60 µg/dL ne. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta mayar da shi 30 a 1975, sai 25 a 1985, sai 10 a 1991. Binciken Herbert Needleman na 1979 a kan dalmar da ke cikin haƙoran yara, da nazarin da Bruce Lanphear da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, sun nuna cewa illa ga basirar yaro tana aukuwa ko babu alamar ciwo, kuma tana farawa tun ƙasa da 10. A 2012 CDC ta daina maganar matakin damuwa ta koma ga ma'aunin faɗakarwa na 5, wanda ta sake saukar da shi zuwa 3.5 a watan Oktoban 2021. Wannan ma'auni na ƙididdiga ne: yana ware kashi 2.5 cikin ɗari na yaran Amurka 'yan shekara 1 zuwa 5 waɗanda dalmarsu ta fi ta saura yawa. Ba iyaka ba ce tsakanin lafiya da cuta, domin ba a san wani adadi da ba ya cutarwa ba.

A kan wanda ya kamata a gwada, ra'ayi ya rabu. A 1991 CDC ta ba da shawarar a gwada kusan kowane yaro, amma a 1997 ta koma ga gwada waɗanda suka fi fuskantar haɗari, kowace jiha da tsarinta. A 2019 kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce hujjojin da ke hannu ba su isa a yanke hukunci kan gwada yaran da ba su da alama ba, ya kuma lura cewa tambayoyin da ake yi wa iyaye ba sa gano masu haɗari yadda ya kamata. Duk da haka shirin Medicaid, mai kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, ya ci gaba da wajabta gwajin jini ga kowane yaron da ke ƙarƙashinsa a wata na 12 da na 24, da kuma duk yaro mai wata 24 zuwa 72 da babu shaidar an taɓa gwada shi.

Su lambobin kuwa, an fi kallonsu ta fuskar biyan kuɗi, kuma mafi yawan jagororin da ake rarraba wa asibitoci a kan haka suke tsayawa. Masana lafiyar al'umma suna kallonsu a matsayin kayan sa ido. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa fuskokin biyu a kan abu ɗaya suka dogara, wato abin da likita ya rubuta da hannunsa.

3.0 Hanyar Nazari

Nazari ne na takardu. An duba kundin rabe-raben cututtuka na ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, da sigarsa ta Amurka mai suna ICD-10-CM wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Oktoba, 2015, da kundin lambobin aiki na CPT, da lambobin ɗakin gwaji na LOINC. An bi yaro mataki-mataki daga gwajin tantancewa zuwa na tabbatarwa, zuwa magani da bibiya, ana tambaya a kowane mataki: wace lamba ce ta dace, kuma wane rubutu ne ya halasta ta? Kalmar “lambar cuta” a nan tana nufin lambar da ke bayyana dalilin zuwa asibiti, “lambar aiki” kuma tana nufin wadda ke bayyana abin da aka yi wa yaro.

4.0 Nazari

4.1 Lambobin Cuta

ICD-10-CM ta tanadi lambobi huɗu da suka shafi dalma, kuma kowacce tana ba da labari dabam.

Ta farko ita ce Z13.88, ta zuwa asibiti don tantance cutar da gurɓataccen abu ke haddasawa. Ƙa'idar kundin ta bayyana tantancewa da gwada mutumin da ake gani lafiyarsa lau. Idan uwa ta kawo yaro yana fama da ciwon ciki da kasala, likita ya nemi a auna dalma, wannan binciken cuta ne, don haka alamomin ake sanya wa lamba. Kuskure a nan yana da tsada, domin yakan cusa yara marasa lafiya cikin ƙididdigar masu lafiya, adadin da aka samu ya fito fiye da gaskiyarsa. Yawancin gwaje-gwajen tantancewa ana yin su ne a ranar duba lafiyar yaro ta yau da kullum, wadda lambarta Z00.129 idan ba a ga matsala ba, ko Z00.121 idan an gani. Ƙa'ida ba ta tilasta ƙara lambar tantancewa ba idan gwajin na cikin abin da aka saba yi a irin wannan duba, amma wasu masu biyan kuɗi suna neman a ƙara ta, saboda haka asibiti yakan bi sharaɗin jiharsa.

Ta biyu ita ce Z77.011, ta cuɗanya da dalma ko zargin cuɗanya da ita. Ita ce ta dace da yaron da ke zaune a gidan da aka gina kafin 1978, shekarar da Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidajen zama, idan fentin yana ɓarewa. Haka nan yaron da mahaifinsa ke aikin batir ko narka ƙarfe, ko wanda aka samu ɗan'uwansa da dalma. Sharaɗinta shi ne likita ya rubuta tushen zargin a fili.

Ta uku ita ce R78.71, ta samun dalma a jini fiye da ƙima. Ta huɗu kuwa rukunin T56.0 ne, na gubar dalma. Kundin ya hana haɗa waɗannan biyu a ziyara ɗaya: ko dai sakamakon gwaji ne ya haura, ko kuma likita ya yanke cewa guba ce. A nan ne aka fi samun ruɗani, domin kundin bai faɗi adadin da daga shi ake tsallakawa daga wannan zuwa waccan ba. Hukuncin na likita ne. Mai sanya lamba ba shi da hurumin ya dubi takardar ɗakin gwaji ya ga 28 ya rubuta guba da kansa, kuma a ɓangaren marasa lafiyar da ba a kwantar ba, ƙa'ida ta hana shi sanya lamba ga cutar da aka rubuta da “wataƙila” ko “ana zargi”. Idan rubutun bai fito sarai ba, aikinsa ya mayar wa likita da tambaya.

Lambar guba tana da ƙarin haruffa. A T56.0X1A, alƙalamin 1 yana nufin tsautsayi ne, 2 cutar da kai, 3 wani ne ya yi da gangan, 4 an kasa tantance niyya. Idan ba a rubuta komai game da niyya ba, tsautsayi ake ɗauka. Harafin ƙarshe yana nuna matakin kulawa: A lokacin da ake cikin magani, D lokacin bibiya bayan magani, S kuma ga larurar da gubar ta bari, kamar jinkirin magana ko matsalar koyo. Ana yawan fahimtar A da “ziyarar farko”, alhali yaron da ake ba maganin fitar da dalma yana nan a A ko sau nawa ya zo. Harafin S ya fi kowanne saurin ɓacewa, domin illar takan bayyana ne bayan yaro ya shiga makaranta, a gaban likitan da bai san tarihinsa ba.

4.2 Lambobin Aiki da na Ɗakin Gwaji

A CPT, auna dalma lambarsa 83655. Ɗibar jini daga jijiya 36415 ne, tsira yatsa ko diddige 36416. Idan an yi gwajin nan take a asibiti da ƙaramar na'urar da doka ta sauƙaƙa wa sharuɗɗa, ana liƙa wa lambar alamar QW. Abin lura shi ne 83655 ba ta bambanta jinin yatsa da na jijiya. Wannan bambanci a LOINC yake: 10368-9 ga jinin yatsa, 77307-7 ga jinin jijiya, 5671-3 ga jinin da ba a fayyace inda aka ɗebo shi ba.

4.3 Abin da Lamba Ba Ta Ɗauka

Babu ɗaya daga cikin lambobin cuta da ke ɗauke da adadi. Yaro mai 4 da yaro mai 40 duk suna iya zama ƙarƙashin R78.71, alhali na farko shawara kan abinci da tsaftar gida da sake gwaji yake buƙata, na biyu kuwa yana dab da matakin da ake fara tunanin magani. Bugu da ƙari, tun da ma'auni ya sauka a 2021, ma'anar lambar ta canja ba tare da ita kanta ta canja ba. Mai kwatanta yawan R78.71 na 2019 da na 2023 zai iya ganin hauhawar da ba daga muhalli ta fito ba. Saboda haka adadin, tare da ma'auninsa, dole ya kasance a rubuce. Wasu ɗakunan gwaji suna amfani da maikirogiram a kowace lita, inda 35 ke daidai da 3.5 µg/dL, kuma barin ma'auni ba a rubuce ba na iya ninka sakamako sau goma a idon mai karatu.

Nau'in jini shi ne bayani na biyu a muhimmanci. Ƙurar dalma a fatar yatsa takan shiga ɗigon jini ta ɗaga sakamako, shi ya sa ake wanke hannun yaro da sabulu kafin a tsira shi, kuma shi ya sa sakamakon yatsa da ya kai 3.5 yake buƙatar tabbatarwa da jinin jijiya. CDC ta ƙayyade wa'adi: cikin wata 3 idan tsakanin 3.5 da 9 ne, cikin wata 1 idan 10 zuwa 19 ne, cikin mako 2 idan 20 zuwa 44 ne, cikin awa 48 idan 45 ne ko fiye. Fayil ɗin da bai nuna nau'in jini da ranar ɗiba ba, ba a iya sanin ko an cika wannan wa'adi. Ranar ɗiba ce abin dogaro, ba ranar fitowar sakamako ba, domin dalmar jini tana sauka cikin makonni idan an raba yaro da tushenta, ko da yake wadda ta shige ƙashi takan yi shekaru.

Na'urar da aka yi amfani da ita ma tana buƙatar suna a fayil. LeadCare II, wadda aka fi sani a gwajin nan take, tana karanta daga 3.3 zuwa 65 ne kawai. Abin da ya gaza 3.3 ba sifili ba ne, abin da ya haura 65 kuma ba 65 ba ne, don haka rubutun ya zama “ƙasa da 3.3” ko “sama da 65”. A watan Mayun 2017 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na'urorin LeadCare suna iya ba da sakamako ƙasa da gaskiya idan jinin jijiya aka sa musu, CDC kuma ta ba da shawarar a sake gwada wasu yaran. A 2021 an janye wasu rukunan kayan gwajin saboda irin wannan matsala. Asibitin da ya rubuta sunan na'ura da lambar rukunin kayan gwaji ya san yaran da zai kira. Wanda bai rubuta ba, sai dai ya kira kowa ko ya bar kowa.

Sauran bayanan sun haɗa da adireshin da yaro yake kwana da inda yake wuni, sana'ar iyaye, magungunan gargajiya da kayan ƙamshin girki, kayan kwalliya irin su kwalli, ɗabi'ar cin ƙasa, da sakamakon gwajin ƙarancin jini, tunda yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki ya fi tsotsar dalma. Idan iyaye sun ƙi gwaji, ko an tura su ɗakin gwaji ba su je ba, wannan ma a rubuta. Takardar neman gwaji ba shaidar gwaji ba ce.

4.4 Ƙididdiga da Sa Ido

Ma'aunin inganci na HEDIS yana ƙirga yaran da aka yi wa gwajin jini aƙalla sau ɗaya kafin ko a ranar cikarsu shekara 2, kuma idan fayil za a duba, sai an ga ranar gwaji da sakamako. Amsa tambayoyi ba ta shiga lissafi. Akwai giɓi tsakanin wannan ma'auni da sharaɗin Medicaid: yaron da aka gwada sau ɗaya a wata na 12 ya cika ma'aunin, alhali bai samu gwajin wata na 24 ba, lokacin da dalmar yara ta fi hauhawa saboda yawo da kai hannu baki. Jihohi kuma suna kai rahoton yawan gwaje-gwajen ga gwamnatin tarayya a fom na CMS-416, wanda ya dogara da lambobin da asibitoci suka aika.

Amfanin cikakken rubutu ya bayyana a birnin Flint na jihar Mishigan, wanda ya sauya tushen ruwan shansa a watan Afrilun 2014. A 2015 Dakta Mona Hanna-Attisha da abokan aikinta sun ciro sakamakon yara daga ma'ajiyar bayanan asibiti, suka nuna cewa masu 5 ko fiye sun ƙaru daga kashi 2.4 zuwa 4.9 cikin ɗari. Adadi da kwanan wata da adireshi ne suka ba da damar raba “kafin” da “bayan”, da kuma gano unguwannin da abin ya fi shafa. Haka nan a 2023, bin sawun sakamakon wasu yara a jihar Karolina ta Arewa ne ya kai ga gano dalma a wani abincin yara na tuffa da kirfa.

4.5 Zamfara

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake yi wa laƙabi da Na-gari-na-kowa, suka lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaran suna amai suna jijjiga, alamomin da suka yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, kuma maganin waɗannan cututtuka bai yi musu aiki ba. Sai da aka auna jini aka gane dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Binciken da Dooyema da abokan aiki suka wallafa a 2012 ya nuna cewa a ƙauyuka biyu, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara ɗaya, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun kai 45 µg/dL ko fiye. An ƙiyasta cewa sama da yara 400 ne suka rasu. A 2015 makamancin haka ya auku a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Wannan yanayi ya juya tsarin Amurka. A can tantancewa ake fara yi, guba ta zo a ƙarshe kuma ba kasafai ba. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da Abare kuwa yawancin yaran da aka gwada sun riga sun kai matakin magani. Matsalar rubutu ta farko ita ce ta sakamakon da ya haura 65, iyakar na'urar gwajin nan take, domin sai an tsarma jinin an sake aunawa kafin a san ainihin adadin, kuma dole a rubuta cewa an tsarma. Ta biyu ita ce maimaita magani. Thurtle da abokan aiki sun ba da rahoto a 2014 kan zagaye 3,180 na DMSA, maganin fitar da dalma, da aka yi wa yara 1,156, wato kusan uku ga kowane yaro. Rajistar da ke ƙirga zuwa asibiti kawai za ta ninka yawan marasa lafiya, sai fa idan kowane yaro yana da lambar kansa da ke binsa daga zagaye zuwa zagaye. A ƙauyen da yara da dama ke amsa suna ɗaya, kuma ba kowa ke da takardar haihuwa ba, sunan maigida da unguwa da nauyin yaro, wanda da shi ake auna magani, sun zama ginshiƙin fayil.

Ta uku ita ce matsayin gidan da yaro zai koma. Magani ba ya ɗorewa idan yaro ya koma kan gurɓatacciyar ƙasa, shi ya sa yaran garin Bagega suka jira har aka fara kwashe ƙasar garin a 2013. Bayanin ko an tsaftace gida, da ko an ci gaba da niƙa dutse a cikinsa, shi ke fassara sakamakon da ya sake hawa bayan magani.

Asibitin da ke aiki da ICD-10 ta Hukumar Lafiya ta Duniya yana da T56.0 ga gubar dalma, amma lambar sakamakon jini, R78.7, ta haɗe duk ƙarafa masu guba wuri ɗaya, lambar tantancewa ta Z13.8 kuma ba ta ambaci dalma ba sam. A yankunan haƙar zinariya, inda ake amfani da zaiba wajen ware zinariya daga garin dutse, yaro ɗaya na iya cuɗanya da ƙarafan biyu. Don haka sunan ƙarfen da aka auna, da adadinsa, da nau'in jinin, suna buƙatar gurbinsu na dabam a rajista kusa da lambar. Ƙa'idar Hukumar ta 2021 ta nemi a nemo tushen dalma a kawar da shi daga 5 µg/dL, kuma wannan mataki yana buƙatar gurbi na huɗu, na sunan gida da sana'ar da ake yi a cikinsa.